Tsaron Arewa: Maƙwabta ko Manyan Ƙasashe?

Baban Khalifa, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina son in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma ina roƙon duk wanda zai sa baki ya zo da hujja. Tun daren 25 ga Disamba, 2025, da Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato kan waɗanda ta ce mayaƙan IS ne, gwamnatin tarayya kuma ta fito ta ce da saninta aka yi, duk majalisar da mutum ya zauna a Kaduna sai ya tarar an rabu gida biyu. Wasu na cewa gara Amurka ta shigo ta gama da 'yan bindiga tunda abin ya gagari namu, wasu kuma na cewa mu bi sahun Nijar da Mali da Burkina Faso mu kama Rasha. A ganina duka ɓangarorin biyu nesa suke hange, alhali abin da ya fi raunana tsaronmu a 'yan shekarun nan yana nan kusa da mu, wato lalacewar dangantakarmu da Jamhuriyar Nijar.

Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma jihohi 7 ne suka jingina da ita, tun daga Kabi har Borno. Bayan da Janar Abdourahamane Tiani ya hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba sojojin wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu, 2024, a lokacin kuwa ƙasashen uku sun riga sun kafa ƙawancensu na AES tun Satumban 2023, sun kuma ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS. Faransa ta gama kwashe sojojinta daga Nijar a Disamban 2023, masu horas da sojoji daga Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, Amurka ta miƙa sansaninta na jirage marasa matuƙa da ke Agadas a watan Agusta. Wannan ta fita waccan ta shigo, amma abin da ya faɗo a kanmu shi ne sintirin haɗin gwiwa da sojojinmu da na Nijar ke yi a kan iyaka ya tsaya cak, har hedikwatar tsaro ta ƙasa da bakinta ta ce a Nuwamban 2024 wannan giɓin ne ya ba Lakurawa damar kutsowa Sakkwato da Kabi. Makamin da ya tsallako ta Tangaza ko ta Jibiya kuwa ba a nan yake tsayawa ba, yakan ratsa dazukan Zamfara da Katsina har ya iso Kamuku da Birnin Gwari. Shi ya sa nake cewa maganar Yamai ta fi maganar Mosko da Washington kusa da gadon barcinmu.

Abu Ammar, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, na yarda takunkumin nan kuskure ne, amma ban yarda a ɗora Faransa da Rasha a kan sikeli ɗaya ba. Rasha ba ta taɓa yi wa kowa mulkin mallaka a yankin nan ba. Faransa kuwa tun 1971 kamfanoninta ke haƙar yuraniyom a Arlit, ana haska biranen Turai da shi, mafi yawan mutanen Nijar kuma har yau ba su da lantarki a gidajensu. Da sojojin Nijar suka ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun kamfanin Faransa a Yunin 2024, suka kuma mayar da Somair, kamfanin da ke haƙar a Arlit, mallakar ƙasa a Yunin 2025, ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ta fuskar tsaro ma, Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, rundunarta ta Barkhane ta haura soja 5,000 a wani lokaci, ta yi kusan shekara 10, amma ta'addancin da ta tarar a arewacin Mali sai ya bazu zuwa tsakiyar ƙasar, ya shiga Burkina Faso, ya shiga Tillaberi. Kar kuma mu manta Faransa da Ingila da Amurka ne suka jagoranci rusa Libiya a 2011, aka buɗe rumbunan makaman Gaddafi, kuma daga nan ne wutar nan ta taso.

Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, a unguwarmu na ga tela ya ajiye ɗinkin yara yana haɗa fari da shuɗi da ja, wato tutar Rasha, matasa na tsaye a bakin shago suna jira, kowa na karɓa yana ɗaurawa a kan kara. Da yawansu ba za su iya nuna Rasha a taswira ba. Abin da suka sani shi ne buhun shinkafa ya fi ƙarfin iyayensu, kuma sun ji cewa akwai wasu shugabanni a maƙwabta da suka ce wa Bature ya fita, ya kuma fita. An sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, an kama matasa da teloli, amma ba wanda ya zauna ya tambaye su abin da ya kai su ga wannan tutar. Ni ban ɗaga ba, amma na fahimci masu ɗagawar.

Tsohon Soja, Mando:

Ɗana Abu Ammar, fushinka a kan Faransa yana da tushe, kuma ba yau ya fara ba. Najeriya da kanta ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makaman nukiliya a hamadar Aljeriya, a yaƙin basasa kuma Faransa Biyafara ta taimaka, Tarayyar Soviet ce ta sayar mana da jiragen MiG. Sai dai mu a aikinmu abin da ake gani a fagen daga da shi ake auna aboki, kuma Mali ce ta fi kowa daɗewa a wannan gwajin. Sojojin hayar Wagner na Rasha sun isa can a ƙarshen 2021, Faransa ta fita a 2022, aka sallami dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023. An ƙwato Kidal a Nuwamban 2023, wannan nasara ce da ba mai musawa. To amma a Yulin 2024 an yi wa sojojin Mali da na Wagner mummunar ɓarna a Tinzawaten, ranar 17 ga Satumban shekarar kuma mayaƙan JNIM, masu alaƙa da al-Qaeda, suka shiga Bamako kanta suka kai hari makarantar horas da jandarmomi da filin jirgin sama. Daga Satumban 2025 suka koma tare hanyoyi suna ƙona tankokin mai, har sai da gwamnati ta rufe makarantu na mako 2 saboda babu man da za a kai malamai da ɗalibai. Ka haɗa da abin da ya faru a Moura a Maris ɗin 2022, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500. Gwamnatin Mali ta yi watsi da rahoton, amma duk wanda ya yi aikin soja a ƙauye ya san cewa kashe wanda bai ji ba bai gani ba shi ke tura ƙannensa da 'ya'yansa hannun maƙiyi.

Game da Libiya kuma, akwai abin da ya kamata ka sani. Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973 da ya buɗe ƙofar kai hari, Najeriya na cikin Kwamitin Sulhu a lokacin kuma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Rasha da China, waɗanda ke da ikon hawa kujerar naƙi, sun ƙaurace wa ƙuri'ar ne kawai, suka bar shi ya wuce.

Maganar Baban Khalifa ita ce na gani da idona. Na yi aiki a yankin tafkin Chadi kafin in ajiye kaki, kuma bayanin da ya fi ceton rayukan yarana ba daga wata na'ura yake zuwa ba. Takwarana na ɓangaren Diffa ne zai kira ni a waya, da Hausa tsantsa, ya ce babura sun tsallake Komadugu sun nufo wajenku, ku shirya. Mu ma in mun fatattake su suka yi arewa, mu sanar da shi ya tare su. A Maris ɗin 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka ƙwato garin Damasak na jihar Borno daga hannun Boko Haram. Ranar da na ji Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi a Maris ɗin 2025, na san wannan kiran wayar ne muka rasa, kuma babu wata babbar ƙasa da za ta iya yi mana shi.

Alhaji Mai Albasa, Bakin Dogo:

Ranka ya daɗe Tsohon Soja, ka faɗi ta fagen daga, bari in faɗi ta kasuwa, don ita ma tsaro ce. Ni albasar Galmi nake ɗaukowa ta Birnin Ƙonni da Illela, wani lokaci da wake da dabino. Da aka rufe iyaka a Agustan 2023, tsakiyar damina ne, motoci suka yi jerin gwano a ɓangarorin biyu. Albasa ba ta jira. Ruwa ya bi ta cikin tamfol, ta fara tsiro a cikin buhu, ta ƙasa ta ruɓe tana ɗiga a kan kwalta, direbobi na kwance a ƙarƙashin mota suna sayar da abin da ya rage a kan kuɗin da bai kai na dako ba. Mutane da yawa jarinsu a nan ya ƙare.

Asarar kuɗi ma mai sauƙi ce a kan abin da ya biyo baya. Kaya ba su daina shigowa ba, hanya kawai suka sauya. Yaran da a da suke dako a bakin shingen kwastan sai suka sayi babura suka koyi hanyoyin daji, suna tsallakar da shinkafa da mai da magani cikin dare. Wanda ya san hanyar da buhun shinkafa ke bi ba tare da ya haɗu da jami'i ba, mai bindiga ma zai neme shi, kuma zai biya shi fiye da yadda ni zan biya. Ko da aka buɗe iyakar a 2024, waɗannan hanyoyin ba su mutu ba.

Wani abu kuma da masu mulki suka manta shi ne, mutanen Maraɗi da Katsina, ko na Ƙonni da Sakkwato, dangi ne, akwai auratayya, akwai sarauta mai tushe ɗaya. Tun 2019 dubban mutanenmu da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a ƙauyukan jihar Maraɗi suka sami mafaka. Waɗannan ne muka yanke wa wuta. Ku tuna tawagar ECOWAS ta farko, ta Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga Tiani ba, amma bayan 'yan kwanaki ya karɓi Sarki Muhammadu Sanusi II, ya kuma karɓi malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Majalisar Dattawa ma, sanatocin Arewa ne suka tsaya kai da fata aka ƙi yarda da batun yaƙi. Da an bi ta wannan ƙofar tun farko, da ba a kai inda aka kai ba.

Baban Ladi, Sabon Tasha:

Ina gaishe ku duka. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma zan yi magana a matsayina na Kirista ɗan Kudancin Kaduna, domin na lura ana kewaye wani ɓangare na maganar. Da Shugaba Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake take 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, mutane da yawa a wajenmu sun yi murna, kuma bai kamata a ɗauke su maciya amanar ƙasa ba. Ƙauyukan Kajuru da Kauru da Zangon Kataf sun binne mutane shekara da shekaru, an kai kuka ko'ina, wani lokaci ko ta'aziyya ba a samu ba. Matar da aka kashe mijinta a gona, in ta ji wata babbar ƙasa ta ambaci halin da take ciki, da wane baki za ka ce mata ta yi tunanin 'yancin kan ƙasa? Na sani sarai cewa a Birnin Gwari da Giwa da Igabi Musulmi ne ake kashewa ana sacewa, kuma masu yin hakan ba su tambayar addinin kowa kafin su nemi kuɗin fansa. Amma ina son 'yan'uwana Musulmi su gane cewa rashin kulawar gwamnati ne ya sa idon mutanenmu ya koma waje.

Duk da haka, ni kaina ban sakankance da Amurka ba. Ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin Agadas, tana da soja kusan 1,000 a Nijar kafin ta fice a 2024, amma kashe-kashen Tillaberi bai tsaya ba, har sojojinta 4 aka kashe a Tongo Tongo a Oktoban 2017. Ta yi shekara 20 a Afganistan ta fita ta bar wa waɗanda ta je yaƙa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a mayar da matsalarmu yaƙin addini daga waje. Mu da muka ga rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 a garin nan, muka ga yadda kogi ya raba mu, wasu suka koma kudu wasu suka koma arewa, mun san wanda zai biya kuɗin wannan maganar, kuma ba mutumin Washington ba ne.

Maman Hafsat, Rigasa:

Baban Ladi, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan a fili, Allah kuma ya ji ƙan waɗanda aka rasa ta kowane ɓangare. Ni malamar makaranta ce, kuma tambayata ga masu son a kawo jirage daga waje, ko na Amurka ko na Rasha, ita ce wa zai amsa laifi in an yi kuskure. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojojinmu ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, a nan ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Na je dubiya asibitin Barau Dikko a makon, na ga mata zaune a ƙasa a bakin ɗakin yara, babu mai kuka da ƙarfi, kowace ta riƙe kwanon abincin da ba wanda ya taɓa. Na'urar ta ga taron mutane, amma ba ta san Mauludi ba ne, domin babu mutumin ƙasa da ya gaya mata. Wannan kuwa namu ne, sun amsa laifinsu, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Janar Lagbaja, ya taka har ƙauyen ya ba da haƙuri, kuma duk da haka har yanzu mutane na tambayar inda aka kwana a kan hukunci. To in baƙo ne ya harbo daga nesa, wace kotu za mu kai shi? A harin Disamban 2025 ɓaraguzai sun faɗo a Jabo, ƙaramar hukumar Tambuwal, cikin gonakin mutane.

Sannan mu duba irin matsalarmu. Waɗanda suka kwashe ɗalibai a Kuriga ranar 7 ga Maris, 2024, da waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, a kan babura suka zo, suna da masu kai musu mai da burodi da katin waya, suna da masu ba su labari a cikin gari. Wannan aikin ɗan sanda ne da mai unguwa da alƙali. Makami mai linzami ba zai gano mai kai musu burodi ba.

Abu Ammar, Tudun Wada:

Na ji bayanin Baba Tsohon Soja, kuma abin da ya faɗa game da Bamako mai nauyi ne. Amma Malam, akwai rashin adalci a yadda ake kallon abin. In Najeriya na da ikon haɗa kai da Amurka har a kai hari a cikin ƙasarta, me ya sa za a ga laifin Nijar don ta zaɓi Rasha? Kuma ta yaya za su amince da mu, alhali shugabanmu ya kai ziyarar girmamawa Faransa a Nuwamban 2024, a daidai lokacin da suke ganin Faransa ce babbar maƙiyiyarsu? Wata guda bayan nan Janar Tiani ya yi hira da Hausa, kowa a Arewa ya ji, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa. Kuna cewa a gyara zumunci, to wa zai fara ajiye abokinsa?

Baban Khalifa, Unguwar Dosa:

Ƙanina, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma amsata ita ce ba sai kowa ya ajiye abokinsa ba. Nijar na da cikakken ikon sayen makami da neman horo a inda ta ga dama, kamar yadda mu ma muke yi. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021 daga Amurka suka zo, JF-17 daga Pakistan, jirage masu saukar ungulu na Mi-35 daga Rasha, marasa matuƙa daga China da Turkiyya, kuma irin na Turkiyyar nan su ne a hannun Mali da Burkina Faso da Nijar. Mun sa hannu a yarjejeniyar soja da Rasha a 2021, mun zama abokan hulɗar BRICS, ƙungiyar su Rasha da China, a Janairun 2025. Inda iyakar take shi ne kada wata ƙasa ta zama sansanin da za a riƙa cutar da maƙwabciyarta daga ciki, kuma wannan tsohuwar manufar Najeriya ce. Ɗalibai ne suka yi ta zanga-zanga har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a Janairun 1962. Janar Murtala ya ƙi bin matsin Amurka a kan Angola a 1976, marigayi 'Yar'aduwa kuma bai yarda a kafa hedikwatar rundunar Amurka ta Afirka a nan ba. Zargin da Tiani ya yi, Malam Nuhu Ribadu da sauran jami'ai sun musanta shi, kuma ba a nuna wa duniya wani sansanin Faransa a ƙasar nan ba. Amma zargin ya sami kunnen saurare ne saboda yarda ta riga ta karye.

Ina kuma son mu lura da wadda ba ta yawan magana. China ce ta gina matatar mai ta Soraz a Damagaram a 2011, ta shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ta ba gwamnatin sojan Nijar dala miliyan 400 a Afrilun 2024 a kan ɗanyen man da za a biya da shi, kuma ita ce ta gina layin dogon da ke tashi daga Rigasa da bashin bankinta. Ko ita ma a Maris ɗin 2025 Nijar ta kori manyan jami'an kamfanonin manta 3. Kowace a cikinsu abin da take nema take nema, ko yuraniyom, ko mai, ko zinariya, ko ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ranar da lissafi ya sauya za ta ɗaure kayanta. Mu da Nijar ba mu da inda za mu ƙaura. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a ɗauka ina wanke juyin mulki. An ƙi sakin Bazoum, an rusa jam'iyyu, an rantsar da Tiani wa'adin shekara 5 a Maris ɗin 2025 ba tare da zaɓe ba, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Sai dai tsaron iyaka ba zai jira sai an yi zaɓe a Yamai ba. Muna da hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024, Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je a Afrilun 2025. Abin da ya rage shi ne waɗannan ziyarce-ziyarcen su sauko daga ɗakin taro su isa Illela da Magama da Maigatari.

Tsohon Soja, Mando:

Malam, zan ƙara abu ɗaya a kan sayen makamai, don kada a ɗauka yawan masu sayar mana shi ne 'yanci. Wanda ya sayar maka da jirgi shi ke riƙe da kayan gyaransa da harsashinsa, kuma ranar da ya yi fushi jirgin zai zauna a ƙasa ana share masa ƙura. A 2014, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa, Amurka ta hana a sayar mana da jiragen Cobra daga Isra'ila saboda zargin take haƙƙin ɗan'adam. Rasha kuma tun da ta shiga yaƙin Yukiren a 2022 ita kanta neman kayan yaƙi take yi. Na sha ganin makanikai ƙwararru suna zaune a gindin jirgi mai lafiya wata da watanni saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Abin takaicin shi ne a garin nan, a Kakuri, muke da masana'antar ƙera makamai ta DICON tun 1964, shekarar da aka kafa makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA. An sabunta dokarta a 2023 don ta iya haɗa hannu da 'yan kasuwa. In ta kai matsayin da za ta wadata sojojinmu da harsashi da bindiga da motoci masu sulke, har ta sayar wa Nijar da Chadi, to jakadanmu zai zauna da na Amurka ko na Rasha da wani irin ƙarfin gwiwa daban.

Maman Hafsat, Rigasa:

Tunda an kawo nan, ina ganin akwai abin da mu 'yan ƙasa za mu iya nema ba tare da mun jira kowa ba. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta amince da ita. Duk abin da aka ƙulla da Amurka har aka kai ga harin Sakkwato, ya kamata wakilanmu su gan shi a rubuce, su san wa ke zaɓar wurin da za a kai hari, wa zai biya diyya in an taɓa farar hula, da kuma ko akwai batun girke sojoji. Haka nan su tambayi ma'aikatar tsaro inda aka kwana kan dawo da sintiri da Nijar a iyakar Sakkwato da Katsina. Kaduna na da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 16. Zan rubuta takardar a ƙarshen mako in kawo ta nan a gyara, kuma ina roƙon Baban Ladi ya taya ni da ɓangaren Kudancin Kaduna, Alhaji kuma ya ba mu bayanin abin da 'yan kasuwa ke gani a Illela yanzu, don takardar ta fita da sunan kowa.